Ku Tambaya Mu Amsa: Shin 'Ya'yanmu Cima-Zaune Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, na doshi shekara saba'in. Ɗana mai shekara 26 ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yau shekararsa biyu a gida. Barci har hantsi, dare kuma a kan waya yake raba shi. Ni ina da shekara 22 na fara karɓar albashi, ina da 25 na yi aure. Na yi faɗa har na gaji. Lalaci ne ya yi wa yaran zamani katutu, ko ni ne ban fahimce su ba? Daga wani uba, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Damuwarka tana kan hanya, domin namiji ya shekara biyu ba ya fita nema abin tashin hankali ne. Amma kafin a yanke masa hukunci, a duba ma'aunin da ake auna shi da shi.

Lokacin da ka fara aiki, masaƙun Kakuri suna ɗaukar dubban ma'aikata, ana canjin aiki dare da rana. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, haka masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa ta Kano. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, wanda a canjin lokacin ya kai kimanin dala 200. Naira 70,000 da aka amince da ita a 2024 ba ta kai dala 50 ba a canjin lokacin. Ga yajin aikin malaman jami'a, wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, wanda ya ci wa tsarar ɗanka kusan shekara ɗaya da rabi. Ƙofar da ka shiga ta ita da sauƙi, shi ya zo ya tarar an toshe ta da bulo. Shi ya sa kalmar "cima-zaune" ta yi wa matasa ciwo a 2018, lokacin da aka fassara kalaman marigayi Muhammadu Buhari a Landan da wannan ma'ana. Mai tura baro a Kasuwar Barci da mai ajiye digiri ya hau adaidaita sahu duk sun ji kamar da su ake.

Wannan ba ya wanke kowane yaro. Zaman gida iri uku ne, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Akwai wanda ya nema bai samu ba har gwiwarsa ta yi sanyi. Akwai wanda ya raina ƙaramar sana'a, yana jiran kujerar ofis. Akwai kuma wanda ba shi da lafiya, ko dai ciwon damuwa ko shaye-shaye. Na ukun nan shi ake fara bincika, domin in aka ba shi jari a wannan hali, an zuba ruwa a rariya. A lura ko ya daina cin abinci, ya rame, ya daina wanka da zuwa masallaci, ya guje wa abokansa na da. A lura da jan ido, nauyin harshe, yawan neman kuɗi ba dalili, ko ɓacewar kaya a gida. Gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin tun Mayun 2018, amma ƙwayoyi irin su tramadol ba su ƙare a unguwanni ba. In ka ga alamu biyu ko uku sun haɗu, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana kusa da kai. A kai shi cikin sirri, ba da duka ko ɗaure wa a ɗaki ba.

In lafiyarsa ƙalau, sai batun waya. Kada ka ƙwace. Ka zaunar da shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, ka ce ya nuna maka abin da yake yi da ita. Akwai masu cin abinci da waya da gaske: tallan kaya, zanen kwamfuta, haɗa bidiyo, rubutu. Gwajin mai sauƙi ne, ya buɗe maka bayanin asusunsa na banki na wata uku. In kuɗi na shigowa, ko da kaɗan ne, sana'a ce, sai a ƙarfafa ta. In fita kawai suke yi zuwa kamfanonin caca, ko yana ta danne-danne yana jiran wasu sulallan intanet su fashe, to ka san da abin da kake yaƙi.

Daga nan a zo ga sana'a. Shi zai zaɓa, kai kuma ka sa wa'adi, misali mako biyu ya kawo maka sana'o'i biyu da sunan wanda zai koya a wurinsa. Haɗa wutar sola, gyaran waya, gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, duk suna son mai ilimin boko. Ka je da kanka ka ga ubangidan nasa. Ku yi magana a fili a kan tsawon koyo, lokacin zuwa da tashi, wa zai ɗauki kuɗin mota da na abinci, da ranar yaye. Yawancin koyon sana'a a nan yake lalacewa: ba a sa rana ba, yaro ya shekara yana sharar shago da sayo abinci, ya yi fushi ya dawo gida, a ce ga shi nan, dama mun faɗa. Kuma a guji kai mai digiri ƙarƙashin yaron da bai kai shi shekaru ba. Girman kai ne, amma shi ke korar da yawa a makon farko.

Jari kuwa kada a ba shi dunƙule. A raba uku. Kashi na farko kayan aiki ne, ku je kasuwa tare. Na biyu bayan wata uku, in ya nuna littafin shiga da fita. Na uku ajiya ne don ranar da kaya suka lalace ko ciniki ya tsaya. Ka kira shi rance, ko da a zuciyarka ka yafe. Sannan ka ja kunnen mutanen gida, domin abin da ya fi karya jarin yaro shi ne bashin 'yan uwa da ɗora masa cefane tun wata na farko. A bar shi wata shida tukuna, sannan a ba shi nauyi ɗaya, kamar kuɗin wuta. Ka kuma jingine "mu a zamaninmu" na ɗan lokaci, Baba. Duk sa'ad da ya ji ta, abin da ke shiga kunnensa shi ne ka fid da rai da shi.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce, shekarata 21. Goggona ta ce ba ni da tarbiyya don ina gaishe ta ta WhatsApp, kuma ranar suna na gaishe ta a tsaye. Kullum sai ta ce yaran yanzu ba su da kunya. Ni kuwa ban yi da raini ba. Yaya zan yi? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Ƙanwata, mun yarda ba raini kika yi ba, kuma kuɗin goron da goggo ta yi wa yaran yanzu duka bai dace ba. Amma a kan gaisuwa ta fi ki gaskiya. Gare ki saƙo ya isa. Gare ta gaisuwa tattaki ce da durƙuso, da su take gane matsayinta a wurin 'yar ɗan'uwanta.

Kada ki kare kanki lokacin da take faɗa, ko da kina da hujja. Ki bari kwana biyu, ki shirya ki je gidanta, da Juma'a in zai yiwu, da ɗan abin hannu, sabulu ko turare. Ki cire takalmi a bakin ƙofa, waya ta zauna cikin jaka, ki durƙusa. Kada ki tsaya a "ina wuni" ki miƙe. Ki tambayi gajiya, da jiki, da mutanen gida, ki jira ta ce ki zauna. Ki ce, "Goggo na yi kuskure, a yafe mini." Ba sai kin ƙara bayani ba. In kina makaranta, kira ya fi rubutu, ko sau biyu a wata, da safe ko bayan magariba. In kuma maganganunta sun ci gaba da yi miki zafi a gaban mutane, ba ke za ki tunkare ta ba. Ki gaya wa mahaifinki ko wani kawunki, su da suke tsararta su yi mata magana.