Ɗorawa ko Ƙirya? Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wani malamin makaranta daga Zuru ya rubuto cewa ɗalibansa sun yi gardama a kan wani icce da ke bakin gona, wasu na cewa ɗorawa ce, wasu na cewa ƙirya. Yana son a bambance masa, a kuma faɗa masa ko "ɗorowa" kuskuren faɗi ne.

Malam, ba kuskure ba ne. Ɗorowa faɗin mutanen yamma ne, Sakkwato da Kabi da Zamfara, ɗorawa kuwa ita aka fi gani a rubuce. Jam'inta ɗorayi, shi ne sunan unguwar nan ta Kano.

Yaran ba su da laifi, domin itatuwan biyu dangin wake ne, ba su da ƙaya, ganyensu kuma ƙanana ne. Ka sa su tsinko ganye guda cikakke su ƙirga rassansa. Na ƙirya bai cika wuce biyu-biyu sau 4 ba, ga shi a lanƙwashe kamar ya ji rana. Na ɗorawa ya ninka haka, 'yan ganyayyakin sun fi ƙanƙanta, a jere kamar haƙoran mataji. Idan da rani ne ma ba sai an ƙirga ba. Ɗorawa kan kaɗe ganye, sai ta sako jan fure mai kamar ƙwallo yana reto a doguwar igiya, wanda jemagu ke bi da dare. Shi ne tutu. Ɗanyun 'ya'yan da ke biyo baya ana ce musu sabada, in sun ƙosa ba su nuna ba garda. Wajen Afrilu zuwa Mayu sukan bushe, dogaye a tattare, wani ya kai kamu guda. 'Ya'yan ƙirya gajeru ne, baƙaƙe, masu taurin da sai an sa dutse. Ita ƙirya darajarta a jikinta take: turmi da taɓarya da gawayin maƙera.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Bahaushe bai bar komai na ɗorawa babu suna ba. Garin cikin kwanson shi ya ba mu launin da muke kira ruwan ɗorawa. Ƙwallon ciki kalwa. Ɓawon kuma in an jiƙa shi ya zama makuba, wadda ake yayyafawa a daɓe da katanga don su yi ƙarfi. Masana tsirrai na kiranta Parkia biglobosa, sunan da Robert Brown ya raɗa wa danginta a 1826 don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya ratsa Yawuri ta kogin Kwara ya halaka a Busa a 1806.

Wata baiwar Allah daga Gusau kuma ta tambayi ma'anar "daddawa gaya wa manda baƙi".

Malama, manda wani gishiri ne mai duhu da ake kawowa daga wajen Barno, ana sa shi a magani. Daddawa kuwa kin san kamarta. Kalwa ake dafawa kusan yini guda har ta yi laushi, a surfe ta, a wanke ɓawon sarai, a sake dafawa kaɗan, sannan a zuba a kwando a rufe ruf kwana 2 zuwa 3. In iska ta shiga ko wurin ya yi sanyi, ba za ta ruɓa yadda ake so ba, sai ta fito da tauri babu ƙamshi. Bayan an kirɓa an shanya, baƙa ƙirin take komawa. To ita ce za ta dubi manda ta ce masa baƙi? Ana yi wa mutum wannan karin magana ne idan ya tsaya zargin wani da aibin da shi ya fi shi, kamar mai bashin buhu yana yi wa mai bashin mudu gori. A bakin Zamfarawa za ki fi jin daudawa, maganar dai ɗaya ce.