Tambaya da Amsa: Haɗa Amfilifayar Bawul ta Farko a Gida

Tambaya daga Zariya: Assalamu alaikum. Ina gyaran rediyo da talabijin, amma ban taɓa haɗa amfilifaya mai bawul ba. Da wacce zan fara, kuma me zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bawul dai ita ce kwalbar gilashin nan da ke ƙara ƙarfin sauti. Fara da mai bawul ɗaya a kowane ɓangare: EL84 guda biyu, ɗaya na lasifikar dama ɗaya na hagu, sai ECC83 guda ɗaya da zai tura su. ECC83 bawul biyu ne cikin kwalba ɗaya, kowane rabi ya ɗauki ɓangare guda. Za ka samu wat 3 zuwa 4 na sauti mai tsabta a kowane gefe, ya ishi ɗaki. Idan ba ka samu waɗannan sunaye ba, 6BQ5 shi ne EL84 a lambar Amurka, 12AX7 kuma shi ne ECC83. Har yanzu ana ƙera su a Slovakiya da Rasha da Sin, ana kuma tsintar su cikin tsofaffin rediyoyin Philips da Grundig.

Taransifomar wuta ta zama mai karɓar volt 230, ta ba da volt 200 a miliyamfiya 150, da kuma volt 6.3 a amfiya 2.5 domin hita, wato zaren da ke ɗumama cikin bawul. Lissafin hitar: kowane EL84 yana shan amfiya 0.76, ECC83 yana shan 0.3, jimla 1.82. Ka kula idan kana saye daga waje, wadda aka yi wa Amurka ta volt 120 ce. Bayan taransifoma sai dayod 1N4007 guda huɗu a gada, kwandansa 47µF mai jure volt 450, razista om 220 mai wat 5, sannan kwandansa 100µF. Daga nan za ka ga kusan volt 240 zuwa 250. A ƙafa ta 3 ta kowane EL84 sa razista om 150 mai wat 2 zuwa ƙasa, wato layin da ke haɗe da jikin ƙarfen amfilifayar, da kwandansa 100µF a gefensa.

Tambaya daga Maraɗi: Taransifomar lasifika ta yi mini tsada. Na lissafa na ga ta volt 230 zuwa 9 tana da kusan rabon naɗi ɗaya da ita. Zan iya sa ta?

Amsa: Lissafinka daidai ne, taransifomar lasifika ita ce ke tsakanin EL84 da lasifika, kuma om 5,000 na EL84 zuwa om 8 na lasifika naɗi 25 ne kan 1. Sauti zai fito, amma kaurinsa zai mutu. Dalili, a wannan tsari akwai wutar DC kusan miliyamfiya 48 da ke bi ta naɗin farko kullum. Taransifomar da aka yi don haka tana da ɗan gibi tsakanin ƙarafunan cikinta. Ta wuta ba ta da shi, sai ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu tun kafin waƙa ta shigo. A nan ne ya kamata kuɗinka su tafi, ko da za ka rage a fenti da ado.

Tambaya daga Kano: Aikin ƙarfen ne ke ba ni tsoro. Na lalata faranti biyu wajen huda, ramukan sun karkace, ɗaya ma injin ya fizge shi daga hannuna. Yaya ake yi?

Amsa: Malam, gara da ka yi wannan tambaya tun yanzu, domin yawancin ƙugin da ake fama da shi bayan an gama, a kan faranti aka shuka shi.

Nemi alminiyam mai kaurin milimita 2. Baƙin ƙarfe ya fi wuyar huda, kuma yana ɗauko maganaɗisun taransifomar wuta ya kai wa sauran. Shasi, wato akwatin ƙarfen da za a ɗaura kayan a kai, mai tsawon santimita 30, faɗi 20, zurfi 5 ya isa. Idan za ka lanƙwasa da kanka, yanke murabba'in santimita 5 a kowace kusurwa, ka huda ɗan rami na milimita 3 daidai inda layukan lanƙwasa suka haɗu don kada ya tsage, sannan ka matse farantin tsakanin ƙarafuna biyu masu kusurwa, ka ɗora katako kana bugawa a hankali daga gefe zuwa gefe. Mu dai shawararmu, kai wa masu injin lanƙwasa kwano, cikin minti goma sun gama, kusurwa ta fi fita.

Kada ka huda komai sai duk kayan sun zo hannunka. Soket na bawul mai ƙafa tara yana son rami wajen milimita 19 zuwa 22, ya danganta da wanda ka saya, don haka auna naka. Lulluɓe saman shasin da tef ɗin takarda, ka jera kayan a kai, ka zana da fensir. Taransifomar wuta ta zauna a kusurwar baya, ECC83 da mashigar sauti da maɓallin ƙara murya su koma kusurwar da ta fi nisa da ita. Taransifomomin lasifika kuma a juya su yadda ƙarafunansu za su gicciya da na ta wuta. Akwai gwajin da ya fi zato: ba taransifomar wuta wuta ita kaɗai, bayan ka naɗe bakin duk wayoyinta da tef, ka jona abin sauraro na kunne a naɗin farko na taransifomar lasifika, kana matsar da ita kana juyawa. Inda ƙugin ya ɓace, nan ne mazauninta.

Ramukanka sun karkace ne saboda bakin huda yana yawo a kan ƙarfe mai santsi. Buga ɗigo da fanc ko ƙusar kankare a tsakiyar kowane rami, fara da baki na milimita 3, sannan ka faɗaɗa da baki mai hawa-hawa, wanda ke kama da ɗan dala. Babban baki na yau da kullum shi ne ke cafke faranti ya juya shi kamar wuƙa. Ɗaure shasin a kan katako da maɗauri, kada ka riƙe da hannu. Ɗiga kananzir a bakin, yana hana alminiyam liƙewa, kuma kada ka ba injin gudu. Ramin murabba'i na soket ɗin wuta, jera ƙananan huji a cikin layi, ɓalle tsakiyar, ka daidaita da magagari.

Kafin ka huda ramukan noti na soket, juya shi yadda ƙafa ta 2 ta EL84 za ta fuskanci ECC83, domin wayar sauti ta yi gajere. Ƙara ramuka biyar ko shida na milimita 5 kewaye da kowane EL84, zafin razistocin ciki ya samu hanya. A watan Afrilu za ka gode wa waɗannan ramuka. Goge kaifin kowane rami, ka sa zoben roba duk inda waya za ta ratsa ƙarfe. Wanke ɓurɓushin tas kafin ka ɗaura soket, ƙwaya ɗaya tsakanin ƙafafu ta isa ta haɗa wuta. Sai rami ɗaya na milimita 4 kusa da mashigar wuta, na wayar ƙasa kaɗai: kankare fenti, sa wosha mai haƙora, ka ɗaure tamau, kada ya riƙe wani abu daban.

Tambaya daga Kumasi: Na gama haɗawa. Yaya zan kunna karon farko, kuma idan ta yi ƙugi fa?

Amsa: Jona lasifika tukun. Amfilifayar bawul ba a kunna ta babu lasifika, wutar da ke dawowa tana iya huda naɗin taransifoma. Sa fis mai jinkirin yankewa na miliyamfiya 500, ka bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60. Ya haska ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske, kashe, akwai inda wuta ta haɗu. Maƙala baƙar wayar mita a shasi, ka auna da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu. Ƙafa ta 3 ta EL84 ta nuna volt 7 zuwa 8 bayan ka cire ƙwan. Idan ta wuce 10, ko farantin cikin bawul ya yi ja, zargi kwandansan da ke tsakanin ECC83 da EL84, yana zubar da DC.

Kwandansan da ke bayan dayod yana riƙe wutar da za ta iya kisa bayan an kashe. Solda razista om 220,000 mai wat 2 a kansa, kuma kada ka sa hannu sai mita ta nuna ƙasa da volt 10.

Ƙugi iri biyu ne. Mai kauri na 50 a daƙiƙa daga hita ne ko maganaɗisu: murɗe wayoyin hita biyu sosai, kwantar da su a lungun shasi, ka sa razista om 100 daga kowacce zuwa ƙasa. Mai ɗan tsini na 100 daga tacewar kwandansoshin da ke bayan dayod ne, ko wayoyin ƙasa da aka ɗaura nan da can a jikin ƙarfe. Tara su wuri ɗaya, su taɓa shasi sau ɗaya tak. Idan kuma ƙugin ya fito nan take da kunnawa, tun bawul bai yi zafi ba, taransifomomin ne suka yi kusa, sai an sassauta noti an juya ta lasifika.