Nepenthes na ta ganye amma ba tulu

Malam, ka ce Nepenthes ɗinka, tsiron nan mai tulun kama ƙwari, ganye yake ta yi amma tsinin ganyen na bushewa kafin ya zama tulu. Galibi ƙarancin haske ne. Ajiye shi a bakin taga mai samun hantsi, ban da ranar azahar, ko ka kunna masa fitilar LED awa 12 zuwa 14 kullum. Ɗan ja-ja a ganye alama ce haske ya wadata.

Sai danshin iska: daga kashi 60 cikin 100 zuwa sama. Iskar AC na ƙeƙasar da tsinin tun yana ƙarami, kuma feshin ruwa ba ya daɗewa.

Ruwan famfo fa, a kiyaye. Gishirinsa na taruwa ya ƙone saiwa, don haka ruwan sama ko tataccen ruwa da aka cire wa gishiri (distilled) za ka ba shi. Ƙasar ta zama gansakukar sphagnum da perlite (farin tsakuwa mara nauyi), rabi da rabi, ba taki. Ta kasance da laima, amma kada tukunyar ta zauna cikin ruwa, saiwa ruɓewa take.

Tsohon tulu in ya bushe bayan 'yan watanni, ba ciwo ba ne, yanke shi kawai. Ƙwaro ɗaya a wata ya ishi tulu. Nama kuwa ruɓar da shi yake.