Fuskar da ba ta motsa ba, da aikin mai tace fim

Ka ce mini, "Maigida, jarumi ya tsaya ƙiƙam bai yi komai da fuskarsa ba, amma darakta ya ce an samu. Me aka samu?" To, yaro, jawo kujera. Amsarka tana wurin wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov.

A 1899 aka haife shi. A 1916 ya shiga kamfanin fim na Khanzhonkov a Mosko, yana tsara wuraren da za a ɗauki hoto a ƙarƙashin darakta Yevgeni Bauer, har ya fito a wani fim ɗin Bauer a 1917. Shekara na zagayowa ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko. Bayan juyin juya hali zaren fim ya yi wuyar samu, sai shi da ɗalibansa suka koma yanka tsofaffin finafinai suna sake jera su.

A nan ya yi gwajin da ya fito da sunansa. Ya ɗauko hoton fuskar Ivan Mozzhukhin, babban jarumin lokacin, fuska ce shiru, ba murmushi ba ɗaure gira. Ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawar mace a akwati, sannan da yarinya tana wasa da abin wasanta. Kamar yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labari, 'yan kallo sun yi ta yaba gwanintar jarumin, wai sun ga tunani, sun ga baƙin ciki, sun ga fara'a. Alhali hoto ɗaya ne aka maimaita. Zaren gwajin ma ya ɓace, labarinsa ya rage.

Gobe ka gwada da kanka. Ɗauki fuska daga kafaɗa zuwa sama, daƙiƙa goma, kyamara a kafe. Kada ka gaya wa jarumin abin da zai gani, domin da ya sani zai fara wasa da gira, aikin ya lalace. Wajen tacewa ka yanko daƙiƙa biyu zuwa uku, wato hoto 50 zuwa 75 in kana ɗauka a kan 25 a daƙiƙa. Fuska, abin da ake kallo, sannan fuska kuma.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne ido. Kwano yana kan tabarma, jarumi yana kallon saitin taga, wa zai yarda shi yake kallo? Haske ma haka: in ya bugi fuskar daga hagu, ya bugi kwanon daga hagu. Kuma kada ka yanka yana tsakiyar ƙifta ido.

Kiɗa kuwa ka cire shi gaba ɗaya tukuna, yana rufe kuskure. Ka nuna wa mutum uku da ba su san abin da ka yi ba, kowa shi kaɗai, ka kawo mini abin da suka ce.