Wane gefen titi mai tafiya a ƙasa zai bi?

Malam, ka tambaya ko mai tafiya a ƙasa zai bi hannun da motoci ke bi. A'a, kada ka taɓa ba mota baya. Tun 1972 motoci a Najeriya hannun dama suke bi, a Nijar ma dama ne, don haka inda ba a ware wa masu ƙafa hanya ba, kai riƙe hagu, kana fuskantar abin da ke tahowa. In direban tirela ya yi gyangyaɗi ko birki ya tsinke, idonka zai gani ka kauce. Wanda ya juya baya kuwa, sai dai ya ji ƙara. Da dare sa farin kaya. In kana tare da yaro, riƙe hannunsa, kai ka tsaya tsakaninsa da kwalta.