Tambaya da Amsa: Ƙaton Yaro da Hanyar Shiga NFL

Daga wani uba a Agege: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 16, tsayinsa ƙafa 6 da inci 4, nauyinsa kilo 118, yana aji biyu na babbar sakandare. Tun da NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta kawo sansanin gwajin matasa Legas a 2024 abokansa ke zuga shi, wai jikinsa na ƙwallon Amurka ne. Ta ina ake bi? Kuma in ƙara masa abinci ne don ya ƙara ƙiba?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya shi. Batun abincin za mu fara sallama: kada a ɗura masa. Masu neman 'yan wasa sun fi son dogon yaro mai sauƙin ƙafa, su gina masa jiki da kansu, a kan wanda ya zo da teɓa yana haki.

Gurbin da abokansa ke nufi shi ne na 'yan layin gaba. Su biyar ne: santa a tsakiya, wanda ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, gad biyu a gefensa, sai takul biyu a bakin layi. Aikinsu su tare wa kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, abokan hamayya na kimanin daƙiƙa uku, ko su buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya. A NFL yawancinsu suna tsakanin kilo 136 zuwa 150. Amma abin da ke raba gwani da ƙato kawai shi ne lanƙwasa gwiwa. Kamar kokawa ce: wanda ya shiga ƙarƙashin abokin karawarsa shi ke ɗaga shi. Yaron da ba ya iya tsugunawa diddigensa na ƙasa, bayansa a miƙe, sai ya riƙa sunkuyawa daga ƙugu, nauyinsa ya zube gaba, ɗan baya, wato abokin hamayyar da yake tarewa, ya fizge shi ya wuce. Don haka ƙwallon kwando, tsallen igiya da miƙe gaɓoɓi sun fi masa amfani yanzu a kan ƙarin malmalar tuwo.

Babbar hanya ita ce jami'a a Amurka, kuma ƙofarta takarda ce kafin jiki. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, tana da cibiyar tantance cancanta da ake rajista da ita ta intanet. Rukuni na ɗaya yana buƙatar manyan darussa 16 da matsakaicin maki 2.3 a ma'auninsu, kuma za su nemi sakamakonsa na makaranta na shekarun sakandare, ba takardar WAEC kaɗai ba. A nan ne yara da yawa ke faɗuwa tun ba su taɓa ƙwallo ba, saboda rijistar makaranta ta ɓata ko sunan da ke fasfo ya saɓa da na takarda. Ku daidaita wannan tun yau. Abu na biyu, kociyoyi suna son bidiyon wasa, shi ya sa yaranmu da dama kan fara da shekara ɗaya ko biyu a sakandaren can. Prince Tega Wanogho, ɗan jihar Delta, ƙwallon kwando ya kai shi jihar Alabama ta Amurka. Daga baya ya zama takul a jami'ar Auburn, Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a zagaye na shida na zaɓen sababbin 'yan wasan NFL a 2020. Akwai kuma makarantar NFL Academy da ke Loughborough a Ingila, mai shirya matasa daga ƙasashen waje don jami'o'in Amurka.

In ya samu gurbi, kada ku sa ran ganinsa a talabijin a shekarar farko. Kusan al'ada ce a zaunar da ɗan layi shekara guda yana ɗaga ƙarfe yana koyon littafin dabaru, ba tare da an ci masa shekarun wasansa ba. Yawanci sai a shekara ta uku yake samun gurbin farawa. Dokar NFL kuma ba ta yarda a zaɓi ɗan wasa ba sai ya cika shekara uku da barin sakandare.

Hanya ta biyu gajera ce amma siririya: shirin NFL na 'yan wasan ƙasashen waje da aka fara a 2017. Shi ne Osi Umenyiora, tsohon ɗan New York Giants, ke nemo wa matasa a Najeriya, kuma ta wajensa Roy Mbaeteka ya samu kwantiragi da Giants a 2022 ba tare da ya buga wa wata jami'a ba. Ga ɗan shekara 16 dai mun fi zaɓa masa jami'a, domin ko wasa ya ƙi, digiri na hannunsa.

Daga wata uwa a Idi-Araba: Ɗan ƙanwata yana shekarar ƙarshe a wata jami'a a Amurka, takul yake bugawa. Ya ce mana yana jiran “daraf”. Me ake yi, kuma in an ɗauke shi ya tsira ke nan?

Hajiya, Allah ya ba shi sa'a, amma da sauran aiki. Daga Janairu zuwa Afrilu gwaji ne a jere. Fitattu kan samu gayyatar wasan Senior Bowl a garin Mobile, inda atisayen gaba da gaba ya fi wasan kansa muhimmanci ga ɗan layi. Sai babban gwaji na Indianapolis a ƙarshen Fabrairu, wanda sai an gayyace ka. A can za a auna tsawon hannunsa. Takul da hannunsa bai kai inci 33 ba sau da yawa akan mayar da shi gad, domin ɗan baya mai dogon hannu zai riga shi taɓa ƙirji. Zai ɗaga ƙarfe mai kilo 102 iya adadin da zai iya, ya yi gudun yadi 40, ko da yake yadi 10 na farko kaɗai ake dubawa sosai a wurin ƙato. Abin da ba a nunawa a talabijin, wato binciken likitoci, shi ya fi kayar da mutane: tsohon rauni a gwiwa ko baya kan jefa yaro daga zagaye na biyu zuwa na shida. Wanda ba a gayyata ba yana da ranar gwaji a jami'arsa.

Zaɓen kansa, wato daraf ɗin, a Afrilu ake yi, ƙungiyoyi 32, zagaye bakwai, mutum 250 da 'yan kai. Wanda aka zaɓa kwantiragin shekara huɗu yake samu, wanda ba a zaɓa ba yana iya sa hannu da kowace ƙungiya na shekara uku. Sai dai kowace ƙungiya na shiga sansani da mutum 90, a ƙarshen Agusta ta rage su zuwa 53, kuma 'yan layin gaba a cikinsu ba su cika wuce tara ko goma ba. Mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a 2024 dala 795,000 ne, amma sai ya tsallake wannan yanka. Ɗan tawagar atisaye, wanda ba ya cikin 53 ɗin, dala 12,500 ya riƙa karɓa a mako a 2024, kuma ana iya sallamarsa kowace rana. Ga haraji, ga ladan wakili da ke iya kaiwa kashi 3 cikin ɗari. Dangi su dakata da lissafin gini tukuna.

Me ke kayar da sababbi? A jami'o'i da yawa ɗan layi a rabin tsaye yake fara wasa, ana jefa ƙwallo da sauri, bai saba dafa hannu a ƙasa ba. A NFL zai haɗu da magidanta masu shekara goma a sana'ar, masu karanta inda nauyinsa ya karkata. In aka wuce shi sai ya kama riga, alƙali ya ci tarar yadi 10. In ya motsa kafin a miƙa ƙwallo don tsoro, yadi 5. Shawararmu gare shi: ya koyi gurbi fiye da ɗaya, har da miƙa ƙwallo irin na santa. Ɗan benci mai iya gad da takul shi ake riƙewa.

Daga wani matashi a Mile 12: Shekarata 22, ina dakon buhuna a kasuwa, ƙarfi kam akwai. Na makara?

Ga jami'a, ɗan'uwa, da wuya. Ga shirin 'yan ƙasashen waje, da sauran dama kaɗan. Jordan Mailata ɗan Ostareliya daga wasan rugbi ya zo, Eagles ta ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018, bai buga wasan gasa ba sai 2020, amma tsayinsa ƙafa 6 da inci 8 ne kuma yana gudu. Ba ka faɗi tsayinka ba, kuma shi za a fara tambaya. Ka auna tsayi, nauyi da faɗin hannuwanka a buɗe, ka sa a ɗauki bidiyonka kana gudun mita 20 da tsalle daga tsaye, ka tanadi fasfo. Sanarwar gwaji kuma ka neme ta a shafukan NFL Africa da kanka. Duk wanda ya tare ka ya ce kawo kuɗi ya sa sunanka, kada ka ba shi ko sisi.