Ko hatsin rai zai yi a gonar Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya aiko mini da irin hatsin rai, wani dangin alkama da Turawa ke kira rye, daga Jamus, wanda suke shukawa bayan sanyi ya wuce, wai yana da juriya. In shuka shi da ruwan farko? Daga wani manomi a Shika.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kai shi gona da damina. Juriyarsa ta sanyi ce da ƙasa mara ƙarfi, zafi da laima kuwa ba ya son su. Shi ya sa Jamus da Folan da Rasha suke kan gaba wajen nomansa, a jigawar da alkama ba ta yi, domin saiwarsa na nutsawa ta nemo danshi.

Ka yi sa'ar iri. Akwai wanda sai ya shafe makonni cikin sanyi mai tsanani kafin ya fid da kai, shi kam a nan ganye kawai zai ba ka. Naka ba ya buƙatar haka, wajen wata huɗu yake nuna. Ka bi da shi yadda ake noman alkama da hunturu, da ban ruwa, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. In ka makara, zafin Maris zai riske shi yana fure, zangarniya ta fito ba ƙwaya. Zurfin shuka santimita 2 zuwa 3 ya isa. Ka sassauta wa yuriya, don karansa kan kai ƙirjin mutum ko ya wuce, taki in ya yi yawa kwanciya zai yi.

Alkama kan yi wa kanta barbara, shi kuwa iska ce ke kai masa bununi daga wata zangarniya, don haka ka shuka shi a dunƙule, ba siririn layi a bakin kunya ba. Abin da ya fi damuna ma daga nan yake: furen da ya daɗe a buɗe yana jira shi ne cutar agot ke kamawa. Za ka ga baƙin abu mai tauri, kamar kashin ɓera, ya leƙo a gurbin ƙwaya. Guba ce ga mutum da dabba. Ka tsince shi tas kafin niƙa.

Masu sayensa ƙalilan ne a kasuwanninmu, saboda haka bana fara da ɗan fegi. Rabi ka yanke shi ɗanye ka ba dabbobi tun bai fid da kai ba, rabi ka bari ya nuna. Kafin nan ka kai irin cibiyar binciken aikin gona ta Samaru su duba maka lafiyarsa.